Rawayan Layi a Shafin Yaya

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na liƙa shi. Rawayan layi ne a saman shafin, irin wanda muke sa wa duk kundin da muka gano yana da matsala: "Hattara, akwai bayanan wani ƙwaro daban a cikin wannan kundi. Ana bincike." Na sha liƙa irinsa a shafin mutane, har da manyan furofesoshin da hotonsu kawai na taɓa gani, kuma ban taɓa neman takardar rubutu saboda haka ba. Yau ga ni a cikin mota, ko tayar da ita ban yi ba, ina rubutu a ragowar littafin lissafin yarinyata.

Ni ce mai kula da rumbun bayanan ƙwari na cibiyarmu. Duk wanda ya karanto kundin halittar wani ƙwaro, wato dogon jerin haruffan nan na cikin jiki da ke sa sauro ya zama sauro, fara ta zama fara, sai ya aiko mana ta intanet. Mu duba, mu ba shi lamba, mu ɗora shi inda kowa a duniya zai sauke kyauta. Mijina yana ce mini magatakardar ƙwari. Ƙa'idar rumbun kuwa ko a barci aka tashe ni zan faɗa: ba a gogewa, ba a musanya fayil a ɓoye. In an sami matsala a liƙa gargaɗi, mai kundin ya kawo gyara a matsayin zubi na biyu, na farkon ya zauna a ƙasa kowa na gani, domin akwai waɗanda suka riga suka ɗora aikinsu a kansa.

Makon jiya wasu masu bincike suka aiko da kundin wani ɗan mitsitsin zanzaro, wanda ke saka ƙwansa a cikin tsutsar ƙwaron wake. Na'urarmu takan gwada kowane sabon kundi da tsofaffin da muke da su. Da safen nan ta fito mini da sakamako: wani babban yanki na zanzaron yana zaune daram a cikin kundin ƙwaron wake da ke rumbun tun kafin in kama aiki. Wanda ya niƙa ƙwarin nan don ya ɗebi samfur, ya niƙa su da baƙo a cikinsu. Abin da ya fi muni, ƙwayar gadon da aka yi ta yayatawa cewa ita ke sa ƙwaron wake jure maganin feshi tana cikin wannan yanki. Ta zanzaro ce.

Ba zan rubuta sunan mai kundin ba.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Bai kira ba.

Talata, bayan azahar

Injiniya, mai kula da manyan na'urorinmu, ya leƙo ofishina da kofin shayinsa. Bai zauna ba, ya tsaya yana juya cokali a cikin shayin da ya riga ya huce.

"Dakta, kin kuwa duba sunan da ke kan kundin nan?"

Na ce, "Injiniya, uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi. Kana ganin sai na sa tabarau?"

Ya ce shi dai tambaya ya yi. Ya fita yana taka ƙasa a hankali kamar an kwantar da marar lafiya a ɗakin.

To, na rubuta ke nan. Yaya ne. Shi ya koya mini riƙe ƙwaro da ɗan hantsaki ba tare da na karya masa ƙafa ba, ina 'yar makaranta shi yana jami'a. Na liƙa layin kafin in kira shi, kuma da gangan na yi, domin na san muryarsa. In ya ce "Auta, saurara," to shi ke nan, sai in koma 'yar yarinyar da ke riƙe masa kwalba. Na tura masa saƙo daga baya da duk sakamakon. Ya buɗe, na ga alama.

Kuskure ne. Duk wanda ya taɓa niƙa ƙwaro a ɗan turmin nan na ɗakin gwaji ya san yadda abin yake. Ƙwan zanzaron nan ko da madubin ƙara girma sai ka yi da gaske, balle a wancan zamani. Ya zo ya gyara, ya kawo zubi na biyu, a wuce wurin.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Ya aiko sakatarensa ya kira ni. Sakatare! Ni da nake shiga kicin ɗin gidansa in buɗe tukunya.

Ofishinsa na hawa na sama, da ƙaton hoton ƙwaron wake a bango wanda ɗalibansa suka ba shi kyauta. Ya bar ni a tsaye yana sa hannu a takardu, sai na jawo kujera na zauna da kaina.

"Auta, saurara."

Na ce ina ji, Yaya.

Ya ce ya duba, kuma mai yiwuwa akwai 'yar matsala. Mai yiwuwa! Ya ce zai sa a tsabtace fayil ɗin, ya ba ni sabo, in ɗora shi a kan tsohuwar lambar, in sauke layin, babu wanda zai ji babu wanda zai gani. Ya ce na san halin da ake ciki, ana gab da zaɓen wanda zai gaji Darakta, sunansa na kan gaba, kuma akwai waɗanda ke jiran ya yi tuntuɓe.

Na ce, "Yaya, kawo sabon, yau-yau zan ɗora shi a zubi na biyu. Amma na farkon zai zauna, da bayanin abin da ya faru."

"Wa ke karanta bayani?"

"In ba mai karantawa, me ya dame ka da shi?"

Ya cire tabarau ya dube ni irin kallon da yake mini in na fasa wani abu a gida. Ya ce, "Ke yanzu har kin yi girman da za ki koya mini aiki?" Na ce ba aikinsa nake koya masa ba, nawa nake yi.

Ban yi laifi ba.

Asabar, da yamma

Gidan Mama, kamar kowace Asabar. Motarsa ba ta ƙofar gida, amma matarsa na ciki. Na gaishe ta, ta amsa wa bango.

Mama na zaune da tire a cinya tana tsince wake, abin dariya abin haushi. Ta bari na zauna, ta bari na sha ruwa, sannan ta ce, "Auta, me na ji kin yi wa yayanki a kwamfuta?"

Na fara yi mata bayani. Na ɗauki ƙwayar wake ɗaya mai huji na nuna mata, na ce a cikin nan akwai tsutsa, a cikin tsutsar akwai wata tsutsar. Ta karɓe waken daga hannuna ta jefa a cikin na zubarwa.

"Ƙwaro ne fa, Auta. A kan ƙwaro za ki tozarta ɗan'uwanki a idon duniya? Mutumin da ya tsaya muku tun da mahaifinku ya rasu?"

Na ce, "Mama, ban tozarta shi ba. Ko sunansa babu a layin."

Matar Yaya ta ce daga bakin ƙofa, "Ai ba sai an rubuta ba. Wasu dai in aka ɗora su a kujera sai su manta wanda ya goya su."

Na ce, "Anti, kujerar tawa ƙafarta ɗaya a karye take, in kina so gobe a kawo miki."

Mama ta ce in rufe mata baki. Na rufe. Na taya ta tsince waken har ya ƙare. Da zan tafi ba ta ce in gaida yara ba, kuma wannan ya fi duk maganganun ciwo.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Wata mata ta kira layin ofis. Malama ce a wata kwalejin aikin gona, ban santa ba, ban taɓa jin sunanta ba. Ta tambaya ko ni ce na sa gargaɗin. Na gyara zama, na ce yau kuma daga ina za a ɓullo mini.

Sai ta ce shekara biyu ke nan tana neman ƙwayar gadon nan a jikin ƙwarin da take tarawa daga rumbunan manoma, ba ta taɓa samunta ba. Ta canja sinadarai, ta canja na'ura, ta je wani ɗakin gwajin ta roƙi alfarma, duk a banza. Shugaban sashenta ya ce mata a gaban mutane wataƙila hannunta ne ba shi da kyau, ta koma koyarwa kawai.

"Dakta, ke nan ba ni ba ce?"

Na ce, "Ba ke ba ce, Malama. Kina neman abin da babu ne."

Sai na ji tana dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu daban. Ta ce in yi haƙuri, ta kashe wayar.

Na so a ce Yaya na kusa ya ji. Da ya ji muryar matar nan da kansa zai ce in bar layin, na san shi.

Laraba, ƙarfe uku

Darakta ya kira ni. Akwai mutum biyu masu kwat a ofishin, ba a gabatar mini da su ba, amma na ga tambarin kamfanin a jikin jakar ɗayan. Su ne ke shirin fitar da ɗan abin gwajin da zai nuna wa manomi ko ƙwarin rumbunsa sun daina jin magani, kuma a kan ƙwayar gadon Yaya suka gina shi. Sauran abin da ke tsakaninsu da cibiya ban sani ba, ba a kuma gaya mini ba.

Darakta mutum ne mai taushin murya, ko korar ka zai yi sai ka ɗauka addu'a yake maka. Ya ce ba wanda ya ce a goge komai. A dai sauke layin na ɗan lokaci, har kwamiti ya zauna.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan lokacin nan mutane za su daina sauke kundin ne?"

Ya ce a'a.

"To su sauke da gargaɗinsa."

Ɗaya mai kwat ɗin ya yi murmushi ya ce ai na'ura ma takan yi kuskure. Na ce gaskiya ne, shi ya sa na zauna na bi yankin da idona, kuma in yana da lokaci ga ofishina can ƙasa kusa da ɗakin na'urori, ya zo da rigar sanyi. Darakta ya ce to, to, Dakta, za mu sake magana.

Alhamis, da safe

A mashigar cibiya mutum uku suka ga wani abu mai muhimmanci a wayarsu daidai lokacin da na zo wucewa.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Takarda ta zo. In bayyana gaban kwamiti, in yi bayanin dalilin da ya sa na "wallafa zargi ba da izini ba". Izinin wa? Duk layukan da na liƙa a baya wa na tambaya? Har lambar yabo suka ba ni a kan tsabtar rumbun nan, tana nan a bango ƙura ta rufe ta.

Ban yi laifi ba. Ban yi laifi ba.

Lahadi, bayan la'asar

Abban yara na wanke mota ina zaune a kan bokiti ina ta zuba. Ya bar ni na gama kaf, har da abin da zan ce wa kwamiti da abin da zan ce in sun ce kaza. Sannan ya matse soso ya ce, "Magatakarda, tambaya ɗaya. Me kike so ya faru da shi?"

Na ce ba na son komai ya faru da shi.

"To amma zai faru."

Na ce wannan ba ni na jawo ba, zanzaro ne. Ya yi dariya ya ce a kai zanzaron gaban kwamiti mana. Daga nan ya daina dariyar, ya ce shi yana bayana ko ina aka je, amma in daina yi wa kaina ƙaryar cewa Yaya zai gode mini wata rana. Na ji haushinsa ƙwarai. Na tashi na shige ciki, na bar shi da bokitinsa.

Abin da bai gane ba, Yaya ba mugu ba ne. Tsoro ne ya kama shi, kuma waɗannan mutanen ne suka kewaye shi. Kuskure ne ya yi tun yana matashi, bai sani ba, yanzu kuma abin ya zo masa a mummunan lokaci.

Talata, ƙarfe biyu

An yi zaman. Dogon tebur, ruwan roba a gaban kowa, ni kaɗai a ɗaya gefen. Yaya bai zo ba, wai don kada a ce ya sa baki.

Babu wanda ya ce sakamakon ƙarya ne. Na jira, na ma ɗora kwamfutata a kan tebur a buɗe, ba wanda ya ce in juyo da ita. Maganarsu duk a kan hanya ce: me ya sa ban sanar da Darakta ba, me ya sa ban jira ba, ko akwai wata matsala ta gida tsakanina da mai kundin. Wata da muka yi karatu tare ce ta yi wannan tambayar, tana kallon biron hannunta.

Na ce matsalar gida ɗaya ce, ina ƙaunarsa, kuma wannan bai hana zanzaro zama zanzaro ba.

A ƙarshe shugaban zaman ya ce zaɓi biyu ne. In sauke layin da hannuna a rufe maganar, ko in miƙa kalmar sirrin rumbun. Na ce a ba ni takarda. Na rubuta kalmar, na tura masa ta kan tebur, na ce harafin farko babba ne, kada su wahala.

Na fito da kaina a sama. Sai da na shiga banɗaki na kulle sannan na yi kukan, kuma na buɗe famfo.

Laraba, ƙarfe goma na safe

An mayar da ni ɗakin ajiyar samfur, in riƙa sabunta takardun jikin akwatuna. Warin maganin asu, fitila ɗaya mai ƙyaftawa, da dubban ƙwari a soke da allura. Aƙalla su ba sa duba waya in na shigo.

Laraba, ƙarfe ɗaya

An sauke layin.

Alhamis, da yamma

Injiniya ya same ni a ɗakin akwatuna. Shi aka sa ya sauke. Ya ce, "Dakta, wallahi ina da yara." Na ce ni ma ai ba kaji nake kiwo ba. Sai na ga idonsa, na ji kunyar kaina, na ce ya je abinsa, ban riƙe shi ba. Ya ajiye mini kofin shayi a kan akwatin fara ya tafi.

Na buɗe shafin a wayata kamar kowane baƙo. Fari tas, ga lamba, ga sunan Yaya, ga maɓallin saukewa. Ko fayil ɗin ba su canja ba, zanzaron na nan a ciki.

Asabar

Ban je ba. Na kira Mama, ta ce tana salla. Na sake kira bayan an jima, yarinyar gidan ta ce har yanzu tana salla.

Litinin, ƙarfe goma sha biyu

Malama ta sake kira, wannan karon a wayata, ban san inda ta samo lambar ba. Ta ce ta kai wa shugaban sashenta maganar, ya buɗe shafin a gabanta, babu layi babu alamarsa. Ya tambaye ta ko mafarki ta yi.

"Dakta, ko dai kin gano ba haka ba ne? Ki gaya mini gaskiya, zan iya ɗauka."

Na ce haka ne, Malama, yadda na gaya miki haka yake. Ta ce to me ya sa aka cire? Na ce ta ba ni lokaci.

Na zauna a tsakanin akwatunan nan raina na tafasa, sai abin ya faɗo mini. Sun karɓe rumbunmu, amma ɗanyen bayanan da Yaya ya harhaɗa kundin da su ba a wurinmu kaɗai suke ba. Suna babban rumbun ƙasa da ƙasa, inda dole kowa ya ajiye nasa kafin a buga masa aiki, kuma a buɗe suke. Ƙa'idar can ta yarda kowane mai bincike ya sauke ɗanyen bayanan wani, ya sake harhaɗawa, ya aika da sunansa, su kuma su haɗa sabon da tsohon yadda duk wanda ya nemi ɗaya zai ga ɗayan. Darakta ba shi da ko tsinke a can. Ba na bukatar kalmar sirrin kowa, mai bincike ce ni tun kafin in zama magatakarda.

Laraba, da yamma

Na fara a gida. Kwamfutata ba a yi ta don irin wannan kaya ba, tana huci tana zafi, sai da na ɗora ta a kan tiren ƙarfe na kunna mata fanka. Aikin shi ne in tsince duk guntun da ya yi daidai da zanzaro in ware, sannan in sake jera na ƙwaron wake. Yarinyata ta leƙo ta ce, "Umma, me kike yi?" Na ce tsintar wake. Ta ce ita dai ba ta ga wake ba.

Juma'a

Kwamfutar ta mutu a tsakiyar aiki, wuta ta ɗauke. Daga farko kuma.

Lahadi, ƙarfe huɗu

Abban yara ya aro mini babbar kwamfuta daga wurin abokinsa, ya shigo da ita a kafaɗa yana nishi, ya ce in an kore ni gaba ɗaya sai mu buɗe shagon buga takardu. Ban ce masa ya yi haƙuri da abin da na yi ranar wankin motar nan ba, shi ma bai nema ba.

Matar Yaya ta cire ni daga zauren waya na 'yan gida. Ta kyauta, dama hotunan girkinta sun cika mini waya.

Ƙarya nake, ya yi mini ciwo.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Aikin ya kammala. Kundin ƙwaron wake, tsaf, babu baƙo. Ya fi na da gajarta, kuma ƙwayar gadon nan babu ita ko sama ko ƙasa. Na cike duk abin da babban rumbun ke tambaya. A wurin wanda ya tara samfur na sa sunan Yaya da duk muƙamansa, domin nasa ne. A wurin dalilin gyara na rubuta: "Kuskure wajen shirya samfur, wanda ba a iya ganowa da kayan aikin wancan lokaci."

Ban aika ba. Na tura masa saƙo na ce ga abin da na yi, ga kwafi, in yana so ya aika da sunansa shi kaɗai, ni ba na bukatar nawa ya fito. Na ce ina jiran sa zuwa gobe da yamma. Wannan karon ban yi masa ba-zata ba.

Juma'a, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ya zo. Shi ya tuƙo kansa, ba direba. Bai shigo ba, ya tsaya a jikin mota a ƙofar gida, na fita da mayafi a hannu. Ya rame. Na gaishe shi, ya amsa, har ya tambayi yara.

Na fara maganar da na shirya. Na ce Yaya, kowa na kuskure, ba wanda zai zarge ka, ƙwan zanzaron nan ba a ganinsa, ka aika da kanka mutane za su ƙara ganin girmanka.

Ya ɗaga mini hannu.

"Auta, bar maganar kuskuren nan. Na sani."

Na ce ka san me?

Ya ce bayan an buga aikin da 'yan watanni, wata safiya ya shiga ɗakin kiwon ƙwari ya tarar da kwalbar da ya ɗebi samfur a ciki cike da 'yan zanzaro suna yawo a jikin gilashi. Ya tsaya yana kallonsu, ya gane abin da ya niƙa. Lokacin an riga an gayyace shi taro, an riga an fara kiran sunansa. Ya ɗauki kwalbar ya sa a firiza, bai gaya wa kowa ba.

Na ce, "Duk shekarun nan?"

Ya ce duk shekarun nan. Yana maganar yana kallon tayar mota.

"Da aka zo neman wanda za a ba rumbun, ni na kawo sunanki. Kin cancanta, ban ce ba ki cancanta ba. Amma abin da na faɗa wa kaina shi ne, wata rana wani zai karanto zanzaron nan, kuma gara a ce ƙanwata ce zaune a wurin. Na ɗauka ko kin gani za ki rufa mini."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Wani mai keke ya wuce, ya gaishe mu, muka amsa tare.

Na ce, "Akwai wata malama da ta yi shekara biyu ana ce mata hannunta ne ba shi da kyau."

Ya ce bai san ta ba.

Na ce na sani.

Ya buɗe mota, ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki, ya ce, "Yanzu na gaya miki abin da ko matata ba ta sani ba. Sai ki yi yadda kika ga dama da ni." Ya ja motar a hankali, har da sa sigina a layin da babu kowa.

Makonnin nan duka ina faɗa da mutane a kan cewa Yaya bai sani ba. Na faɗa wa Mama, na faɗa wa mijina, na faɗa wa takardar nan. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na yau ba, ko ranar kwamiti.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Na buɗe kwamfutar. Komai na nan yadda na bar shi, saura dannawa. Na karanta abin da na sa a wurin dalilin gyara, na ga ba zan iya aika shi haka ba, domin yanzu na san ƙarya ne, kuma abin da ya shiga rumbu ba ya fita. Na goge.

Na rubuta gaskiyar duka, da kwalbar da firizar. Na zauna ina kallonta. Abban yara ya zo ya tsaya a bayana ya karanta, ya dafa kafaɗata ya fita. Ita ma na goge ta. Rumbun ƙwari ne, abin da ke cikin ƙwaro ya tambaye ni, maganar kwalbar kuwa Yaya ne zai faɗe ta da bakinsa in ya iya.

Na rubuta: "Samfurin farko ya haɗu da zanzaro. Ƙwayar gadon jure magani ba ta ƙwaron wake ba ce." Na sa sunana a wurin mai aikawa, na danna.

Lambar ta fito nan take. Na kwafe ta na tura wa Malama, na ce ta kai wa shugaban sashenta, wannan ba mai sauke ta. Sannan na tura wa Yaya ita, ba tare da ko kalma ɗaya ba. Ya buɗe, na ga alama.